Tumatir a Ƙasar Takin Gargajiya: A Bar Shi Ya Kwanta, A Saƙa Masa Igiya, Ko A Ɗaure A Yi Masa Aski?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a watan Fabrairu, ya ratsa Kura da Kadawa har Kwanar Gafan, zai ga tumatir shimfiɗe a fangali iyakar ganinsa, babu sanda ko ɗaya a tsaye. Haka aka saba yi tun da ruwan dam ɗin Tiga ya fara ratsa gonakin yankin, kuma da wannan tumatir ɗin da ke kwance a ƙasa ake cika motocin da ke zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Sai ga shi 'yan shekarun nan matasa na ta ganin bidiyo a waya: tumatir ya hau igiya ya fi mutum tsawo, an tsige masa ganyen ƙasa ƙaf, 'ya'ya jajur na reto. Mutum ya dubi nasa da ke birgima a ƙasa, sai ya ji kamar shi ne bai iya noma ba. Wanda kuma ya ɗauki aniyar yin noma da takin gargajiya zalla, babu buhun takin zamani, babu maganin feshi na kanti, tambayar ta fi yi masa nauyi, domin idan ya kuskure ba shi da abin da zai gyara ɓarnar da shi cikin gaggawa.

Abin da nake so manomi ya riƙe kafin komai shi ne, ɗaure tumatir daban, yi masa aski daban. Mutane na haɗa su wuri guda kamar dole ne wanda ya kafa sanda ya ɗauki wuƙa. Ba haka ba ne. Ɗaurewa tana ɗaga ganye da 'ya'ya daga ƙasa, kuɗin sanda da igiya da ƙwadago kawai take ci. Aski kuwa, wato cire rassa da ganye, daga jikin shukar yake ɗiba, kuma kowane reshe da ka cire fure ne ka zubar. Akwai inda wannan asarar take biyan kanta, akwai inda ba ta biya ko kusa.

Ka san irin da ke hannunka tukuna

Tumatir kashi biyu ne a wajen girma. Akwai mai iyaka: yana fitar da gungun fure bayan kowane ganye ɗaya ko biyu, daga ƙarshe kan shukar da kansa ya rikiɗe ya zama fure, girma ya tsaya. Ba ya cika wuce mita ɗaya, kuma yawancin 'ya'yansa a rassan gefe suke fitowa, su nuna kusan lokaci guda. UC82B da aka fi shukawa a noman rani, wanda asalinsa daga jami'ar Kalifoniya ya fito don masana'antar tumatirin gwangwani, yana cikin wannan kashin. Haka Roma VF da Rio Grande. Akwai kuma mara iyaka: gungun fure bayan kowane ganye uku, kan shukar ba ya daina hawa sai cuta ko sanyi ko hannun manomi ya tsayar da shi. Anna F1 da ake shukawa cikin rumfar leda yana cikin waɗannan. Tsakaninsu akwai masu matsakaicin tsayi, kuma da yawa daga sababbin irin haɗi da ake sayar wa manoman damina nan suka faɗa. Ana rubuta wannan a jikin gwangwanin iri ko fakitinsa. Kafin ka biya kuɗi ka sa mai shago ya nuna maka wurin.

A kowane lungu da ganye ya haɗu da kara, wani ɗan toho yana fitowa. Mu kira shi tohon hammata. Idan aka ƙyale shi zai zama cikakken reshe mai ganyensa da furensa, shi ma ya fitar da nasa tohon. Duk maganar aski a kan wannan tohon take. Ka cire shi, abincin da zai ci ya koma ga 'ya'yan da ke kan babban kara, su yi girma, su riga nuna, iska ta samu hanyar ratsa shukar. Amma jimillar abin da gindi ɗaya zai ba ka ta ragu, inuwa ma ta ragu. A iri mara iyaka ana mayar da wannan giɓin ta hanyar matse tazara da tsawaita lokacin ɗiba. A iri mai iyaka babu ta inda za a mayar, tunda shukar ba za ta ƙara hawa ta haifi wani furen ba. Wanda ya yi wa UC82B aski har ya bar masa kara ɗaya ya zubar da kwandunansa da hannunsa.

Abin da takin gargajiya ya canza a lissafin

Masu rumfar leda da ake gani a bidiyo suna narka takin zamani a ruwa, su tura shi ta siraran bututu zuwa gindin kowace shuka kullum. Suka ga ganye ya yi fari-fari, su ƙara. Suka ga ya yi duhu da yawa, su rage. Kai da ka zuba kashin shanu ko na kaji kafin dashe ba ka da wannan linzamin. Takin gargajiya sai ƙananan halittun ƙasa sun ruɓar da shi sannan saiwa ta samu abin sha, kuma saurin wannan aikin ya danganta da ɗumi da laima. Cikin sanyin Disamba da Janairu yana tafiya a hankali, cikin damina da zafi yana saki da sauri. Abin da ka zuba shi ne jarinka, ƙarin da za ka yi daga baya ba ya nuna kansa sai bayan mako biyu ko uku.

Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, tsohon ganye rumbun shukar ne. Idan 'ya'ya suka fara cika, abincin ƙasa ya gaza, shukar tana janyo sinadarin naitirojin da fotashiyam daga ganyen ƙasa ta kai wa 'ya'yan, shi ya sa ganyen ƙasa ke fara yin rawaya. Wanda ya tsige koren ganye mai lafiya don kawai gona ta yi kyan gani ya kwashe ajiyar da shukar za ta dogara da ita. Na biyu kuma akasin wannan ne. Kashin kaji ya ninka na shanu ƙarfi sau biyu zuwa uku, kuma mutane kan zuba shi da awon na shanu. Sai ka ga kara ya yi kauri ya fi babban yatsa, ganyen sama ya naɗe ya yi duhu, toho na fita ta ko'ina, fure na zubewa. Manomi ya ga daji, ya ɗauko wuƙa ya sare rabi. Kuskure ne. Saiwa tana nan da ƙarfinta tana tura ruwa da abinci, an kuma rage mata inda za ta kai, sai ganyen da ya rage ya murɗe, 'ya'ya su fara tsagewa. Shukar da taki ya yi wa yawa a bar mata kara biyu ko uku ta raba ƙarfin, a rage ban ruwa kaɗan, har 'ya'yan farko su kama su ja ta ƙasa.

Awon da aka saba bayarwa shi ne tan 10 zuwa 20 na ruɓaɓɓen kashin shanu a hekta, na kaji kuwa rabin haka ko ƙasa da haka. Kalmar ruɓaɓɓe ba ado ba ce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwar dashe, yana kawo irin ciyawa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa mutum gudawa. A ƙa'idar noman takin gargajiya ta Amurka, idan ɗanyen taki aka zuba, sai an bar kwana 120 kafin girbi ga amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wannan bambancin na kwana 30 ya nuna yadda masana suka ɗauki haɗuwar 'ya'ya da ƙasa mai taki da muhimmanci. Mu da ake yanka tumatir ɗanye a kwaɗon zogale da kan gurasa, bai kamata mu yi wasa da shi ba.

Barin shi ya kwanta

Ba zan raina wannan hanyar ba, domin tana da hujja mai ƙarfi. A noman rani daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska busasshiya ce, babu ruwan sama da zai fantsamo ƙasa kan ganye, cututtukan ganye ba su da ƙarfi. Shukar da ta baje tana rufe fangali, ta hana ciyawa, ta rage ƙafewar ruwa, ta kuma lulluɓe 'ya'yanta. Wannan lulluɓin yana da daraja idan Maris da Afrilu suka shigo, zafi ya doshi digiri 40. Tumatir ɗin da rana ta buga kai tsaye gefensa yakan yi fari ya lotsa ya bushe, kuma jan launi ba ya haɗuwa da kyau idan zafin jikinsa ya haura digiri 30 zuwa 32, sai ya tsaya ruwan lemo. Ganye ne kaɗai laimarsa.

Sannan ga lissafin kasuwa. Lokacin da kowa ke ɗiba, farashin kwando yakan faɗi har manomi ya gwammace ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. A irin wannan kasuwar babu dillalin da zai ƙara maka ko sisi don tumatir ɗinka bai taɓa ƙasa ba. Duk kuɗin da ka kashe a sanda daga ribarka ya fita.

Aibinta shi ne ruɓa. Duk ɗan da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan an sako ruwa yana cikin hatsari, musamman a ƙasar da ta sha taki take riƙe laima. Masu ɗiba suna taka rassa, suna barin nunannu a ɓoye ƙarƙashin ganye. Maganin feshi, ko na darbejiya ne, ba ya kaiwa ciki. Gyaran da ya fi araha shi ne a dasa a kan kunya ko gefenta maimakon tsakiyar fangali, ruwa ya bi kwari, a kuma shimfiɗa bambaron shinkafa ko busasshiyar ciyawa mara iri a ƙarƙashin shukar kafin ta baje. A yankin da ake noman shinkafa bambaro ba wuya yake ba, wasu ma ƙona shi suke yi. A dai lura da gara, domin tana son shimfiɗar, kuma kada a manna ta da karan shukar, a bar tazarar yatsu huɗu. A damina kuwa ban ba kowa shawarar wannan hanyar ba, ko da shimfiɗa.

Saƙar igiya

Wannan ita ce hanyar da nake ganin an fi yi wa rashin adalci, don ba ta da kyan hoto kamar ta rumfar leda. Daga manoman jihar Fulorida ta Amurka ta yaɗu, kuma don iri mai iyaka da matsakaici aka tsara ta. Ana kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi bayan kowace shuka biyu, a nutsa ta kamar santimita 30 a ƙasa, a sa masu ƙwari a bakin kowane layi. Idan shukar ta kai kusan santimita 30, kafin ta fara kwantawa, sai a ɗaura igiya a sandar farko kimanin taƙi ɗaya daga ƙasa, a ja ta ta gefe ɗaya na shukokin, a naɗa a sanda ta gaba a tsuke, haka har ƙarshen layi, sannan a juyo ta ɗaya gefen. Shukokin sun shiga tsakanin igiya biyu ke nan, ba a ɗaure ko ɗaya a wuya ba. Duk lokacin da suka ƙara santimita 15 zuwa 20 sai a ƙara wani hawan. Hawa uku ko huɗu yakan isa.

Ga abin da za ta ci maka. Idan tazarar layi mita ɗaya ce, tsakanin shuka da shuka rabin mita, hekta na ɗaukar gindi 20,000. Sanda ɗaya ga shuka biyu ya zama sanda 10,000. Tsawon layukan hekta mita 10,000 ne, gefe biyu ya zama mita 20,000 a kowane hawa, hawa huɗu kilomita 80 na igiya. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma gara mutum ya ji adadin tun yanzu da ya tsinci kansa a tsakiyar aiki igiya ta ƙare. Mai rubu'in hekta ya raba komai gida huɗu: sanda 2,500, igiya kilomita 20, ko 15 idan hawa uku ne. Igiyar roba siririya ta fi arha kuma ba ta saki idan ta jiƙe, sai dai dole a tattara ta bayan girbi, kada ta shiga tarin taki. Ta rama tana ruɓewa a ƙasa ba matsala, amma tana saki bayan ruwan sama, sai an bi an sake tsukewa. A wajen sanda, gora da itacen turare sun fi daɗewa, reshen darbejiya ma yana yi kuma gara ba ta cika gaggawar cinsa ba. Karan dawa kada ma a fara, iskar hadarin farko za ta kwantar da layin gaba ɗaya da 'ya'yansa.

Askin da ke tafiya da saƙa ɗan kaɗan ne, kuma sau ɗaya ko biyu ake yinsa. Ka nemi gungun furen farko. Tohon da ke daidai ƙarƙashinsa shi ne mafi ƙarfi a jikin shukar, wannan a bar shi. Waɗanda ke ƙasa da shi har zuwa gindi a cire. Daga furen farko zuwa sama kada a taɓa komai. Idan irin mai ƙaramin jiki ne, ko ƙasar ba ta ƙoshi da taki ba, toho biyu ko uku na can ƙasa kaɗai za a cire. Daga baya, ganyen da ke jan ƙasa ko wanda ya fara ɗigo-ɗigo shi ma a ɗauke shi.

Dalilin da ya sa nake fifita ta a damina shi ne cuta. Ƙwayoyin cutar da ke sa ganye baƙin tabo mai zobe-zobe, da mai ƙananan ɗigo, a ƙasa da ragowar tsohuwar shuka suke kwana. Ɗigon ruwan sama ne ke fantsamo su kan ganyen ƙasa, daga nan su hau sama hawa-hawa, kuma sai ganye ya daɗe a jiƙe suke samun shiga. Mai maganin kanti zai yi feshi duk mako. Kai abin da ke hannunka shi ne ka nisanta ganye da ƙasa, ka rufe ƙasar da shimfiɗa, ka buɗe wa iska hanya ganye ya bushe da wuri bayan ruwa. Saƙa ta ba ka duka ukun ba tare da ta tuɓe wa 'ya'ya inuwarsu ba. Kuma daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tumatir ke wuya har mata su koma kan kauɗa da na leda, kowane ɗa da ka tsamar daga ruɓa kuɗi ne mai kauri.

Kara ɗaya a sanda ko a igiyar sama

Wannan ita ce ta bidiyon. Kowace shuka da sandarta mai tsawon mita biyu, ko kuma a ja waya mai ƙwari a sama kimanin mita biyu zuwa biyu da rabi, a sako igiya ga kowane gindi, ana naɗa karan a jikinta yana hawa. Duk tohon hammata ana cire shi, kowane mako ba fashi. Idan aka ɗebe gungun ƙasa sai a cire ganyen da ke ƙarƙashinsa, biyu ko uku a mako, ba fiye ba. Idan saura kamar mako shida zuwa takwas a tashi gonar, sai a datse kan shukar a bar ganye biyu a saman gungun ƙarshe, tunda daga fure zuwa nuna kusan tsawon lokacin ke nan, furen da ya fito bayan haka ba zai kai ba.

Abin da take bayarwa gaskiya ne: manyan 'ya'ya masu kai ɗaya, masu tsabta, ɗiba mai sauƙi, da girbi na watanni maimakon makonni. Amma sharuɗɗanta suna da tsauri. Sai iri mara iyaka, wanda ya fi tsada. Sai ruwa a kan kari, domin shukar da aka tsayar tana shan iska ta ko'ina, kuma da zarar ƙasa ta bushe ta jiƙe ta bushe, gindin 'ya'yan zai fara yin baƙi. Wannan baƙin ba cuta ba ce da ake fesa wa magani, sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan ba saboda yankewar ruwa. Sai hannu: wanda ya yi tafiyar mako biyu zai dawo ya tarar da toho ya zama rassa masu fure, cire su a lokacin babban rauni ne. Sai kasuwa mai biyan girma da kyau, irin otal-otal da manyan kantunan Abuja ko Kano, wadda ake kai wa kaya a kiret ɗin roba. Idan a kwandon kaba za a danna shi a ɗora wani kwandon a kai, wahalar ta tafi a banza.

Sai kuma abinci, wanda a nan ne mai takin gargajiya ya fi shan wuya. Shukar da za ta yi wata shida tana haihuwa ba za ta rayu da abin da aka zuba kafin dashe ba. Dole a riƙa bi ana ƙara ruɓaɓɓen taki a gefen gindi duk bayan mako uku ko huɗu, a rufe da ƙasa, tun kafin alamar yunwa ta bayyana. Toka tana ba da fotashiyam da 'ya'ya ke buƙata, amma kaɗan ake barbaɗawa, kuma ba a cakuɗa ta da kashin kaji, domin tana sa naitirojin ɗinsa ya tsere a iska. Idan har za ka bi wannan hanyar a fili ba cikin rumfa ba, shawarata ka bar kara biyu maimakon ɗaya: babban karan da tohon da ke ƙarƙashin furen farko. Ganye ya ƙaru, inuwa ta ƙaru, tsagewa ta ragu, kuma idan tsutsa ko iska ta karya kai ɗaya kana da ɗaya. Ɗauri kuma a yi shi sako-sako, igiya ta zagaye sanda ta gitta sannan ta rungumi karan a ƙarƙashin ganye, a bar wurin da yatsa zai shiga, don karan zai ƙara kauri.

Akwai kuma kejin waya da ake zagaye shuka da shi. Ga mai gindi goma a bayan ɗaki yana da daɗi, ba ɗauri ba aski. A gona kuɗinsa ya fi ƙarfin amfaninsa.

Sharon da wuƙa

Ba a maganar tumatir a arewa a tsallake sharon. Wannan ƙaramar tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta taso, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Afirka. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote ta Kadawa da aka buɗe a shekarar ta rasa kayan sarrafawa. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, ta bar farin tabo mai haske da baƙin kashinta a ciki, daga baya ta huda 'ya'ya. Babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da ke hana ta zuwa. Bambancin shi ne, a gonar da aka ɗaga kana iya tafiya tsakanin layuka ka ga tabon farko, ka tsinke ganyen, kuma ruwan 'ya'yan darbejiya da ka fesa da yamma zai taɓa bayan ganye inda ƙwai suke. A gonar da ta baje sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa ake lura.

Ganyen da aka cire mai sharon ko mai tabo kada a yar da shi a kwari, kada kuma a kai shi tarin taki, duk da son da muke yi wa duk wani abu mai ruɓewa. Tsutsar za ta ƙarasa girmanta a nan ta dawo. A zuba a buhun leda a ɗaure a bar shi a rana, ko a binne da zurfi, ko a ƙona.

Shi kansa askin hanya ce ta yaɗa cuta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake cewa a taƙaita shi. Toho a cire shi yana ƙarami, bai wuce tsawon yatsa ba: ka kama shi da babban yatsa da manuni, ka lanƙwasa gefe, ka dawo da shi ɗaya gefen, zai ɓalle da kansa ya bar ɗan tabo da zai bushe kafin azahar. Da safe ake yi bayan raɓa ta ɗauke, a ranar da babu alamar hadari. Ba a taɓa jiƙaƙƙiyar shuka. Idan sai da wuƙa, a riƙa tsoma ta a ruwan bilic da aka sirka tsakanin layi da layi, domin cutar da ke sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya tana kore shar tana bin bakin wuƙa. Mai shan taba ko mai murza ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga, akwai cutar ganye da ke tsallakowa daga taba zuwa tumatir. Shukar da ka ga ta tsumbure ko ganyenta ya yi dabbare-dabbare, ka bar ta sai ƙarshe, ko ka tuge ta gaba ɗaya.

Wacce za ka ɗauka

Idan noman rani kake yi da UC82B ko Roma, hekta ɗaya ko fiye, kuma kasuwar kwando za ka kai, bar shi ya kwanta. Kuɗin sanda ka sa shi a taki mai kyau da bambaro da gyaran kunya, wuƙa kuma ta zauna a aljihu. Idan ka yi dashen baya wanda ɗibarsa za ta faɗa Afrilu da Mayu, nan ma ganye ya fi maka komai, sai dai ka iya yi masa saƙa hawa biyu saboda ruwan farko, ba tare da ka cire toho ba. Idan damina za ka shiga, a Zariya ne ko Ikara ko Danja ko Filato, ka nemi iri mai jure ruwa, ka ɗaga kunya, ka yi saƙa da ɗan askin ƙasa, kuma ka rage faɗin gonar zuwa abin da sandunanka da hannunka za su iya. Rubu'in hekta da aka ɗaure a kan lokaci ya fi hekta guda da aka fara ɗaurewa bayan ta kwanta, domin tumatir ɗin da ya riga ya baje idan aka zo ɗaga shi karyewa yake, furensa ya zube. Kara ɗaya ko biyu a igiyar sama kuwa na wanda ke da rijiya ko bohol a gefe ne, gonarsa na kusa da gida, kuma ya riga ya yi magana da mai saye kafin ya sayi iri.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya gwada a gonarsa kafin ya zuba jari. Ya ware layi shida masu tsawo ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, ranar dashe ɗaya: biyu a kwance kan bambaro, biyu a saƙa ba aski, biyu a saƙa da askin ƙasa. A kowace ɗiba ya auna na sayarwa daban, ruɓaɓɓe da wanda rana ta ƙona daban, ya kuma rubuta kuɗin sanda da igiya da yinin ma'aikata a gefe. Sandunan kuma a tanade su tun kafin a yafa iri a wurin reno, domin mako biyu zuwa uku bayan dashe ake kafa su, kuma wanda ya jira har shukar ta yi fure zai soke saiwarta da bakin sandar.